Gayyar Masu Hayaƙi: Wasiƙa Zuwa Gwantu

Milwoki, Jihar Wiskonsin, Amurka
Lahadi, 8 ga Disamba, 2024

Ɗan Goggo, bawana na gado,

Ina fata kana lafiya, kai da iyali da akuyar nan taka mai cin shanyar mutane. Yaya Goggo da ƙafa? An gama kai dawa rumbu? An ce mini doyarka ta bana ta yi kyau, na ce lallai maƙwabcinka ya iya noma, tunda kunya ɗaya ce ta raba gonarku. Kuɗin sharanka yana hannun Inna tun watan cika-ciki, kuma na ce kada a ba ka ko sisi sai an ga tsintsiya a hannunka a ƙofar gidanmu.

Na ɗauki alƙalami ne maimakon in aiko da murya ta waya, saboda na san halinka, kana saurare kana gyangyaɗi. Wannan takarda ka ninke ta ka sa a aljihu, in an yi la'asar ka karanta wa 'yan majalisar gindin mangwaro na bakin hanyar Akwanga. Ka faɗa musu ubangidanka ya ja gayyar farauta a ƙasar Amurka, ya je da mutum biyar, ya dawo da mutum biyar, kuma da nama.

Bari in fara da mutanen, don su ne rabin labarin. A wurin da nake gyaran injuna akwai wani dattijo, tsohon soja, wanda ya riƙe ni kamar ƙaninsa tun zuwana. Shi ya fara ja na wani shagon taba da shi da abokansa suke zama duk daren Alhamis. Tun shekarar 2010 dokar jihar nan ta hana shan taba a gidajen abinci da wuraren aiki, sai irin waɗannan tsofaffin shaguna aka ƙyale, shi ya sa suka zama majalisa. Tabar tasu kuwa ba karan sigarin da ka sani ba ce. Sunanta siga, amma kada ranka ya biya, ba irin wadda kake zuba wa shayi cokali biyar ba. Buƙi ne na masu kuɗi: ganyen taba zalla, an naɗe shi da hannu, kaurinsa ya kai babban yatsa, tsawonsa ya kusa taƙi. Kara ɗaya sai ya ci awa guda yana ci. Ba sa haɗiye hayaƙin, a baki suke juya shi kamar mai ɗanɗana miya, sannan su busar, su lumshe ido, ɗaya ya ce ya ji ƙamshin koko, wani ya ce a'a, na fata ne da barkono. Ni dai da nake gefe, ƙaurin gidan da aka ƙona kara nake ji. Matsakaiciya a cikinsu dala goma sha biyu ce, kusan naira dubu ashirin ke nan, a cinna mata wuta tana ji tana gani.

Kafin ka ruga ka kai rahoto, ka gaya wa Inna ɗanta bai taɓa sa ta a baki ba. Shayi nake sha, nakan zauna kusa da ƙofa, kuma nakan faɗa musu gaskiya cewa hayaƙin da ba a haɗiye ba ma yana cin baki da maƙogwaro. Akwai likitan haƙori a cikinsu, shi yake fara gyaɗa kai ya ce haka ne, sannan ya sake kunna tasa.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne yadda suke tattalinta. Akwati ne na katako na musamman, da ma'auni a jiki, dole laimar ciki ta tsaya wajen kashi 70 cikin ɗari. In ta bushe ta farfashe, in ta jiƙe ta yi fumfuna. Da na gani na ce ai wannan huhun goro ne, haka fatakenmu suke lallaɓa shi da ganye da yayyafi tun daga Kurmi har Kano. Sun san garuruwan da ake naɗe ta kamar yadda ka san kasuwannin Sanga: Esteli a Nikaraguwa, Santiyago a Jamhuriyar Dominika, Danli a Honduras. Ganyen da ake yi wa wasu riga da shi daga gabashin Kamaru ake kawo shi, nan maƙwabtanmu, kuma suna ambatonsa da girmamawa. Ta Kuba ce sarauniya, amma haramun ce a kasuwar Amurka tun 1962. Labarin da ba sa gajiya da shi shi ne na Shugaba Kennedy, wanda ya tura sakatarensa na yaɗa labarai ya sayo masa guda 1,200 a dare ɗaya, sai da aka jibge su a gabansa da safe sannan ya sa hannu a takardar takunkumin. Sakataren da bakinsa ya bayar da labarin. Da na ji sai na tuna wani ɗan Goggona da ya cika cikinsa da ƙosai a bayan masallaci, sannan ya fito yana yi wa yara wa'azin azumin nafila.

A watan Agusta Tsohon Soja ya ce me zai hana majalisa ta je farautar barewa bana. Mutum goma sha ɗaya suka ɗaga hannu, kowa da hayaƙi a ka. Sai aka zo kan wanda zai riƙe ragama, duk suka juyo suna kallona. Dalili kuwa na sha ba su labarin marigayi Kaka, da warkinsa da kwarinsa da adakarsa, da yadda yake kallon ciyawar da ta kwanta ya ce mazo ne, ya wuce kafin raɓa ta sauka. Na karɓa, don jikan maharbi ba ya ƙin gayya. Na koya musu su ce Sarkin Dawa. Har yau Lauyan cikinsu “Sakin Dawa” yake cewa, kamar mai shirin rabuwa da daji.

Kai ka san yadda ake gayya a gida. Ran kasuwa a raba goro, a faɗi dajin da za a shiga da ranar fita, shi ke nan. Da asuba a busa ƙaho, kowa ya fito da abin da Allah ya hore masa, mai gora da mai barandami da mai baka, karnuka suna ta tsalle, Numana da Ninzo da Mada da Bahaushe da Bafillace duk a sahu ɗaya, mai zuwa coci da mai zuwa masallaci ba a tambayar kowa. A nan kuwa farauta da takarda take farawa. Duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1973 zuwa yau sai ya yi karatun riƙe bindiga da dokokin daji ya ci jarrabawa, ko kuma ya bi wani gwani yana manne da shi kamar jela. Na yi karatun, na ci. Sannan lasisi: dala 24 ga mazaunin jiha, amma wanda ya fara saye a karon farko dala 5 kacal, don su kwaɗaita wa sababbi. Lasisin namijin barewa ɗaya ya ba ka, ba biyu ba. Lokacin farautar bindiga kwana tara ne a shekara, daga Asabar ɗin da ke gaban bikin godiyarsu na Nuwamba. Ba a harbi sai saura rabin awa rana ta fito, a daina minti ashirin bayan ta faɗi. Ba kora da kare. Ba sa wa daji wuta. Ba fitilar goshi da dare. Ka duba da kyau, Ɗan Goggo, duk dabarunka uku na duniya an soke su a layi ɗaya.

Sai kuma tufafi. Kaka ya koya mana maharbi ya saje da daji, har ya ɗaura burtu a ka ya bi zabi da rarrafe. A nan doka ta ce daga ƙugu zuwa sama, har hula, ka sa ruwan lemo mai ƙyalli wanda za a hango ka daga Fadan Karshi kana Gwantu. Da farko na yi musu, sai malamin ya bayyana cewa idon barewa ba ya rarrabe wannan launi da kyau, idon mutum kuwa yana gani, kuma a waɗannan kwanaki tara mutum sama da rabin miliyan ne ke cikin dazuzzukan jihar da bindiga. Na ce gaskiya ne, wannan laya ce da ta fi baduhu amfani a irin wannan wuri.

Wahalar shugabanci ba a daji take ba, a majalisa take. Zama uku muka yi ba a tsayar da maganar abinci ba, ba a tsayar da ta mota ba, amma an gama shawarar wace siga za a sha daren isa, wacce za a ajiye sai an yi kaye, wacce kuma ta jure sanyi. Akwai wani ƙato da nake kira Mai Gemu, dillalin gidaje ne, ya sayi ƙaramin akwati na tafiya mai kwaɗo da hatimin roba don kada iska ta taɓa kayansa, amma bai tuna yana bukatar safar ƙafa ba sai da na tambaya. Lauya ya rubuto yarjejeniya shafi huɗu, har da wanda za a kama in wani ya faɗo daga bishiya. Da na ce kowa ya ajiye kafin alƙalami na kuɗin hayar bukka, nan aka ga maza. Wannan matarsa ta ce surukai za su zo bikin godiya, wancan bayansa ya motsa, wani kuma ya daina ɗaga waya, irin yadda kake yi in zubin adashi ya zagayo. Daga goma sha ɗaya muka koma shida: ni, Tsohon Soja, Likita, Lauya, Mai Gemu, da wani saurayi direban babbar mota, ɗan Meziko, wanda ya fi kowa shiru ya kuma fi kowa aiki.

Ni ma na kafa nawa sharuɗɗan, ba a takarda ba, da baki, kamar yadda Kaka yake yi a bakin rafi kafin a shiga. Ba mai taɓa kwalba sai an sauke harsashi an kulle bindigogi. Tukunyata daban, ba ta haɗuwa da naman alade. In dabba ta faɗi da sauran rai, a kira ni in yanka. Kuma ba hayaƙi a cikin daji. Sun amince da ukun farko ba gardama, har Likita ya sayo mini sabuwar tukunya. A kan na huɗun ne aka yi shiru irin na gidan makoki, sannan kowa ya ce to a ciki-ciki.

Ranar Juma'a 22 ga Nuwamba, bayan na sauko daga masallaci, muka ɗauki hanyar arewa, tafiyar kusan awa huɗu, zuwa gefen dajin gwamnati na Nicolet kusa da wani gari Eagle River. Titi cike da motoci, ko'ina ruwan lemo, kamar ranar 1 ga Janairu a hanyar Kagoro in ana bikin Afan. Na ma ba su labarin yadda Afan yake rufe kaka ya buɗe farauta, da yadda muka taɓa zuwa ni da kai, ka ɓata a cikin taro aka tsince ka a wurin mai tsire. Sanyi kuwa, ka ɗauki hunturun Jos na tsakiyar Janairu ka ninka har sai ka gaji. Ruwan da na bari a buta a waje ya zama dutse kafin asuba, sai da na ɗora a murhu na yi alwala.

Salon farautarsu shi ne zama. Kowa ya hau wata 'yar kujera da aka ɗaure a jikin bishiya, ya ɗaure kansa da ɗamara, ya yi tsit tun duhun asuba, kamar yaron da aka sa gadin tsuntsu a gonar gero aka hana shi ihu. Ba kiɗa, ba kirari, ba haushin kare. Ka ji bindiga can nesa, ka ji wata ta amsa, kai kuwa kana kallon itatuwa. Akwai daɗi a ciki, ba zan ɓoye maka ba. Ban taɓa samun wurin tasbihi irin wannan ba, kuma rana ta biyu na ga sawun kyarkeci, faɗinsa ya kusa tafin hannuna. Shi ba a taɓa shi, doka ta kare shi.

Asabar ba komai. Lahadi ba komai. Litinin na ga barewa mata biyu sun taho tiryan-tiryan, sai babbar ta tsaya cak, ta ɗaga hanci, ta buga ƙafa, ta yi wani huci, suka ɗaga farar jelarsu suka ɓace. Iska daga yamma take zuwa, kuma a yamma Mai Gemu yake. Na sauko na bi iskar a hankali. Tun ban kai ba na ji Nikaraguwa tana tashi. Na tarar da shi a sama ya miƙe ƙafa, hayaƙi yana tashi kamar gidan mai ƙosai, ya ce mini wai ƙarama ce, kuma don ɗumi ya kunna. Da aka bincika da dare, ashe Lauya ma ya yi, Likita ma ya yi. Mutum uku sun kwana uku suna aika wa duk barewar da ke dajin takardar gargaɗi.

Ban yi faɗa ba. Na zaunar da su na ba su labarin Kaka: yadda ba ya wanka da sabulu mai ƙamshi in zai shiga daji, yadda yake barin lofensa da tabar garinsa a gida duk son da yake musu, da ƙullin tokar da yake ratayawa a wuya, ya ɗiba ya saki don ya ga inda iska ta nufa. Direba ya zaro wata 'yar kwalba da ya saya a kanti, ta farin gari, aikinta ke nan daidai. Na ce ku ga ikon Allah, abin da tsohon Gwantu yake kwasa a murhu kyauta. Sai na jawo farantin tokar sigarsu na juye a ƙyalle na ƙulle, na ce gobe wannan tsadar taku za ta yi aikin farko mai amfani.

Talata muka yi ta gida. Dokarsu ta yarda da kora in dai da ƙafa ne, tsofaffinsu ma sun san ta. Na zaɓi wani kurmi mai duhu tsakanin fadama da tsohuwar hanyar masu katako. Na saki toka, na ga iska, na tsayar da Tsohon Soja da Likita da Direba a bakin da iska ke fita, kowa da iyakar inda zai nuna bindiga, don kada a harbi wajen masu kora. Ni da Lauya da Mai Gemu muka shiga ta ɗaya bakin, da tazara, muna tafiya muna tsayawa, ina busa usur don a san inda muke. Mai Gemu yana haki yana karya itace kamar ɓauna, wanda a ranar shi ake bukata. Ba mu yi rabin awa ba na ji abu ya tashi a gabana, sai ƙara ɗaya daga wajen Tsohon Soja. Na isa da gudu, na sami dabbar da sauran numfashi, na yi bismilla na yanka. Namiji ne, ya fi mazo girma nesa ba kusa ba, ƙahonsa rassa takwas kamar bishiyar da ta kaɗe ganye. Wai duk shekara yake zubar da shi ya fito da sabo. Dattijon nan ya tsuguna ya dafa wuyan dabbar, ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce mini rabonsa da farauta tun rasuwar mahaifinsa.

Nan ma sai da aka yi takarda: dole a sanar da hukuma ta waya kafin ƙarfe biyar na yammacin washegari, su ba da lamba. A al'adarsu nama na mai harbi ne. Na ce a gayyar Kaka ba haka ake yi ba, wanda ya kora da wanda ya tare da wanda ya harba duk hannu ɗaya ne. Na fede, na kasa kashi shida kamar watanda, na ƙara wa mai harbi fata da ƙaho, na cire hanta da gadon baya na yi tsire da yajin da Inna ta aiko, mai ƙuli-ƙuli da cittar Kwoi. Lauya ya ci yana hawaye yana miƙo faranti. Mai Gemu ya ce ya ji ƙamshin gyaɗa da hayaƙi da wani abu kamar wuta, na ce wannan karon ka faɗi daidai. A daren suka kunna sigar kaye a bakin wuta, ni da kofin shayina, aka yi hira har wuta ta zama garwashi.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun da na dawo, kuma wannan ba wasa nake maka ba. Barewar nan ta taɓa kusan ƙarewa a ƙasar nan. Wajen shekarar 1900 abin da ya rage a duk Amurka bai fi rabin miliyan ba, yau ana maganar kusan miliyan 30. Sun hana sayar da naman daji, sun sa lokaci, sun sa iyaka, kuma tun 1937 ake cire harajin bindiga da harsashi, wanda yanzu kashi 11 ne cikin ɗari, a zuba shi a kula da daji. Mu kuwa Kaka ya ci mazo da gada da mugun dawa a gindin duwatsunmu, iyayenmu suka ci zomo da gyazbi, mu muka tashi muna ƙona fili guda saboda gafiya biyu, wutar ta tsallaka ta cinye wa wani dawa. Na san yanzu dajin ma ba ya shiguwa yadda ake so, maharbanmu da yawa sintiri suke yi suna tsaron gari, Allah ya kare su. Amma kana da baki a wurin samari. Kafin a fara fita bana, ka je wurin Sarkin Dawan gida da goro a madadina, ka roƙe shi ya ware kurmin bayan gonar Baba a huta masa shekara biyu, ba wuta ba kare, mu gani ko gada za ta dawo. Kuɗin goron ni zan biya, kuma zan tambayi Inna ko ya isa.

Yanzu ga aikin da ke gabanka. Majalisa ta yanke shawara za ta zo Gwantu. Sun ce sai sun ga Afan na 2026, sun ga ruwan Matsirga a Kafanchan, sun kuma ga ɗan Goggon nan da gyazbi ya taɓa kora har kan tsamiya. Mutum tara sun ɗaga hannu, ka shirya wa uku. Lauya yana tambaya ofishin da ake yanka lasisin gafiya. Mai Gemu kuma damuwarsa iskar hunturu, kada ta busar masa da kaya, na ce Goggo tana da randa mai sanyi a bayan ɗaki, za a jingina akwatinsa a gindinta.

Abu na ƙarshe. Ƙahon Kaka yana rataye a ɗakin Baba, bayan ƙofa. Ka sauko da shi, ka goge, ka shafa masa man kaɗe, ka kai wa wanda ya iya, ya busa kiran asuba ka ɗauko mini a waya. Ban ce kai ka busa ba, kada a zaci saniya ce ta faɗa rijiya. Ina so baɗi in tashe su da shi.

Ka gaida Goggo da Baba da Inna, da amaryarka da haƙurin zama da kai, da duk 'yan gindin mangwaro. A ƙaro yaji in an sami mai zuwa, wancan Lauya ya tafi da ragowar.

Ubangidanka har gobe,
Sarkin Dawan Milwoki